Sister Rosetta Tharpe (1915–1973): 'Yar Mai Bishara da Jitarta ta Lantarki

Duk wanda ya riga jama'a isa majami'a ran Lahadi da safe a nan Maiduguri ya san waɗanda zai tarar. Samarin kiɗa ne, sun durƙusa suna warware wayoyi: wannan yana jona jita da amfilifaya, wancan yana jera 'yan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa, waɗanda suke kira feda, wani kuma yana bayan ɗaki yana fama da janareto. Ya kuma san irin fuskar da waɗansu dattawanmu ke yi da zarar an kaɗa tsirkiya ta fari. A ganinsu kayan gidan rawa ne suka ɓace hanya suka shigo ɗakin sujada. Na daɗe ina jin wannan magana a tarurrukan majalisa, ni ma kuwa na taɓa faɗinta. Amma tarihin matar da muka zaɓa a wannan fitowa ya sa na rage gaggawa, gama tun kafin duniya ta san sunayen manyan makaɗan jitar lantarki, wata 'yar mai bishara ta riga su, kuma a majami'a ta koyi kiɗan nata.

An haifi Rosetta Nubin ran 20 ga Maris, 1915, a wani ƙaramin gari mai suna Cotton Plant a jihar Arkansas ta kudancin Amurka. Iyayenta baƙar fata ne masu aikin gonar auduga. Mahaifiyarta, Katie Bell Nubin, mai bishara ce a ɗarikar Church of God in Christ, wadda Bishof Charles Harrison Mason ya jagoranta, tana kuma kaɗa mandolin, wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiyoyi da bai kai jita girma ba. Wannan ɗarika ta bambanta da yawancin ikilisiyoyin zamanin ta fuska biyu. Ta bar mata su yi wa'azi da koyarwa a fili, ko da yake ba ta naɗa su fastoci ba. Ta kuma ɗauki Zabura ta 150 yadda take, wato duk abin da zai iya fitar da sauti ana iya yabon Allah da shi. Ganga, ƙaho, jita, tafi da rawa duk sun sami wuri a sujadarsu. A cikin wannan gida aka miƙa wa yarinyar jita, kuma kafin ta cika shekara bakwai tana bin mahaifiyarta taron falkaswa tana kaɗawa tana waƙa. Saboda ƙanƙantarta akan ɗaga ta a tsayar a bisa piyano domin na baya su gan ta.

A shekarun 1920 uwa da 'ya suka ƙaura zuwa Shikago, kamar dubban baƙar fata da suka gudu daga talauci da wariyar launin fata ta kudu, suka shiga majami'ar Roberts Temple. A 1934, tana da shekara 19, ta auri wani mai wa'azi, Thomas Tharpe. Auren bai yi daɗi ba, ya mutu bayan 'yan shekaru, amma sunan ya bi ta har kabari.

Shekarar 1938 ce ta raba rayuwarta biyu. Ta koma New York tare da mahaifiyarta, a watan Oktoba ta ɗauki faifanta na fari da kamfanin Decca, ta kuma hau dandalin Cotton Club, wani shahararren gidan rawa inda baƙar fata ke wasa, fararen fata ke sha suna kallo. A Disamba ta tsaya a babban zauren Carnegie Hall. Ɗaya daga cikin waƙoƙin faifan nan, wadda aka sa wa suna Rock Me, asalinta addu'a ce da Thomas Dorsey ya rubuta, ta mai neman mafaka a ƙirjin Ubangiji. Rosetta ta ja kalmomin ta yadda mai bi zai ji addu'a, mashayi kuwa ya ji waƙar soyayya. Faifan ya sayu ƙwarai. 'Yan ikilisiyarta suka girgiza.

Abin ya ƙara tsanani a 1941, sa'ad da ta shiga ƙungiyar makaɗan Lucky Millinder ta rera waƙoƙin da babu ko ƙanshin bishara a cikinsu. Masu kāre ta sukan ce kwantiragin da ta sa wa hannu ne ya ɗaure ta, ba ta da ikon zaɓen abin da za ta rera. Akwai gaskiya a ciki, amma hannun da ya sa hannu nata ne. A nan ba zan ɓoye ra'ayina ba: iyayen da suka yi kuka a kanta a lokacin ba makafi ba ne, ba kuma hassada suke yi ba. Sun ga yarinyar da suka ɗora bisa piyano domin ta yabi Allah tana tsaye tsakanin 'yan rawa, ana jefa mata kuɗi. Wace uwa ce a Zumuntar Mata ba za ta ji zafin wannan ba? Abin da nake tuhumarsu da shi dabam ne, zan kuwa zo kansa. Wajen 1943 dai ta rabu da Millinder ta koma ga waƙoƙin bishara, kuma kusan duk abin da ta rera daga nan har mutuwarta na bishara ne.

A cikin waɗannan shekaru na 1940 ne ta ajiye jitar ƙarfe mara waya da ta fara da ita, ta ɗauki ta lantarki. Dalilin ba na ado ba ne. Jitar katako ba ta iya ɗaga murya a tsakiyar ƙahoni goma da ganguna, balle a tantin falkaswa inda ɗaruruwan mutane ke tafi suna buga ƙafa. Tun farkon shekarun 1930 masu ƙira a Amurka suka sami maganin wannan: a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe akan sa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiya ta yi rawa a bisansa, sai ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, lasifika ta mai da shi sauti. Kamfanin Gibson ya fitar da irin tasa a 1936. Amfilifayar wancan zamani da ƙwayayen gilashi take aiki, masu zafi kamar ƙwan fitila, kuma idan aka murɗa ta fiye da ƙarfinta sai sautin ya dushe ya yi gurnani. Yawancin makaɗa sun ɗauki wannan a matsayin aibi. Rosetta ta ɗauke shi a matsayin murya, irin ta mai wa'azin da maƙogwaronsa ya dushe a dare na uku na taro amma bai daina ba.

Bari samarinmu su lura da wani abu a nan. Fedar da ke sa jita gurnani, wadda wasunku ke tara kuɗin wata uku domin saya, an ƙera ta ne don ta kwaikwayi abin da amfilifayar Rosetta ke yi da kanta. Ta fari da ta yi suna a kasuwa, Maestro Fuzz-Tone, sai a 1962 ta fito, lokacin Rosetta ta yi shekaru tana cika zaure ba tare da ita ba. Kayanta jita ne, waya ɗaya, da amfilifaya. Sauran yana cikin yatsu. Takan sa ɗan makaɗi a babban yatsa, ta rera layi da baki, sa'an nan jitar ta amsa mata da tsirkiya ɗaya-ɗaya, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa mai ba da waƙa. Wanda ya taɓa sauraron marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya tak ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A ƙarshen 1944 ta ɗauki waƙar Strange Things Happening Every Day tare da makaɗin piyano Sammy Price. A 1945 waƙar ta kai matsayi na 2 a jerin faya-fayan baƙar fata na mujallar Billboard, abin da waƙar bishara ba ta saba yi ba, kuma masana kiɗa da yawa suna lissafa ta cikin tushen kiɗan rock and roll. Abin mamaki, waƙar tana zungurar munafuncin masu zuwa majami'a ne. A 1946 ta haɗu da Marie Knight, mai muryar ƙasa, suka yi shekaru suna yawo tare. Da yake otal-otal da gidajen abinci na kudu ba sa karɓar baƙar fata, sai ta sayi babbar mota aka sa gadaje a ciki. Matar da dubbai ke biyan kuɗi su gani, a mota take kwana. A garin Macon ta ji wani yaro yana waƙa kafin taro, ta kira shi kan dandali, ta kuma biya shi. Shi ne duniya ta sani daga baya da suna Little Richard. Elvis Presley ya tashi yana sauraronta, Chuck Berry ya ɗebi salonta, Johnny Cash kuwa a 1992 ya ambace ta a bainar jama'a cikin mawaƙan da ya fi ƙauna tun yana yaro.

Aurenta na biyu ma bai daɗe ba. Na uku, da Russell Morrison, an ɗaura shi ran 3 ga Yuli, 1951, a filin wasa na Griffith a birnin Washington, gaban mutum sama da 20,000 da suka sayi tikiti. Bayan ɗaurin aure amarya ta ɗauki jitarta ta lantarki ta yi wasa cikin farar rigar aure, aka kuma ɗauki bikin a faifai aka sayar. Ban sami hanyar yaba wannan ba. Aure alkawari ne a gaban Allah, masu shirya wasa kuwa suka mai da shi hajar kasuwa, ita kuma ta yarda.

Daga nan tauraronta ya fara dushewa a gida. Masu bi sun riga sun ba Mahalia Jackson zuciyarsu, wadda ta ƙi shiga gidan rawa ko nawa aka ba ta, kuma ta cancanci wannan daraja. Samarin da suka koyi kiɗa daga Rosetta kuwa, yawancinsu maza, wasunsu farare, suka kwashe suna da dukiya. Ga abin da na ce zan dawo kansa. Rosetta ta koma waƙar bishara tun 1943, ta yi shekara talatin tana rera sunan Yesu a ko'ina, amma wani sashe na ikilisiya bai taɓa buɗe mata ƙofa gaba ɗaya ba. An tuna mata shekaru biyar, an manta da talatin. Mu da muke karanta labarin ɗan da ya ɓace a Luka 15 kowace shekara mun san wanda ya tsaya a waje ya ƙi shiga biki.

Turai ce ta karɓe ta. A 1957 makaɗi Chris Barber ya gayyace ta Ingila, daga nan ta yi ta komawa. A watan Mayu na 1964 gidan talabijin na Granada ya shirya wasa a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita a Manchester, mawaƙa a gefe ɗaya na layin dogo, masu kallo a ɗaya gefen. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rosetta, tana da shekara 49, ta sauko daga keken doki cikin doguwar riga mai kauri da takalmi mai tsini, ta rataya farar jitarta ƙirar Gibson SG, ta taka dandalin da ya jiƙe, ta rera waƙar ruwan tsufana na zamanin Nuhu. Hoton yana nan a intanet, kuma ina ba iyaye shawara su kalle shi tare da 'ya'yansu. Za su ga mace mai kama da kowace shugabar Zumuntar Mata, tana ba ɗaliban Ingila labarin Farawa sura 7, suna tafi.

Ƙarshenta ya zo da wahala. Mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa juya mata baya ba ko a kwanakin Cotton Club, ta rasu a ƙarshen shekarun 1960. A 1970 Rosetta ta sami shanyewar jiki, ciwon sukari kuma ya sa aka yanke mata ƙafa ɗaya. Duk da haka ta ci gaba da waƙa a majami'u, a zaune. Ta rasu ran 9 ga Oktoba, 1973, a birnin Filadelfiya, tana da shekara 58, ana gab da ta shiga ɗaukar sabon faifai. Shekara ɗaya kafin nan dubban mutane sun yi layi a Shikago domin ban kwana da Mahalia Jackson. Jana'izar Rosetta ƙarama ce. Tsohuwar abokiyarta Marie Knight ce ta zo ta gyara ta.

Aka binne ta a maƙabartar Northwood, ba a kuwa kafa ko dutse a kan kabarin ba. A 1998 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga fuskarta a kan sarki na aika wasiƙa, tare da na Mahalia Jackson, Clara Ward da Roberta Martin, alhali kabarin yana nan babu suna. Sai da wata malamar jami'a, Gayle Wald, ta wallafa tarihinta a 2007 aka farka. A Janairun 2008 aka shirya taron waƙa aka tara kuɗi, da su ne aka kafa dutsen, shekara 35 bayan rasuwarta. A 2018 aka shigar da sunanta cikin Rock and Roll Hall of Fame, a sahun waɗanda suka share hanya.