Sojan Ruwan da Ya Mutu a Sakkwato

Mukan ji sunan Hugh Clapperton a darasin tarihi, amma kaɗan ne cikinmu suka san sojan ruwan Ingila ne. An haife shi a 1788, ya fara aikin jirgi tun yana yaro. Ya ratso hamada, a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A nan Abdullahi ake kiransa.

Zuwansa na biyu, ƙaramin jirgin yaƙi mai tafiya da iska, Brazen, ya sauke shi a Badagry a 1825. Da ya iso Sakkwato ya tarar ana yaƙi da Barno, aka hana shi wucewa can. Ciwon atini ya kwantar da shi, ya mutu a Afrilun 1827. Baransa, Lander, shi ya binne shi, ya koma gida da takardunsa.