Douglas Engelbart, Mutumin Da Ya Sa Wa Kwamfuta Linzami

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama gaban kwamfuta a ofis, da duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin koyon aikinta, ya san ɗan abin nan da ake dafawa da tafin hannu a goga bisa tebur, wata 'yar kibiya ta riƙa yawo a kan allo. Waɗanda suka ƙera shi sun laƙaba masa sunan ɓera saboda wayar da ta fito masa kamar wutsiya. Hausawa kuwa sun kira shi linzamin kwamfuta, kuma sunan ya dace, gama da shi ake juya na'urar duk inda ake so kamar yadda mahayi ke juya doki. Mutumin da ya fito da shi, watau Douglas Carl Engelbart, bai sami ko anini daga cinikinsa ba, kuma a cikin abubuwan da ya ƙirƙira shi ne wanda ya ɗauka mafi ƙanƙanta.

An haifi Engelbart ran 30 ga watan Janairu 1925 a birnin Portland cikin Jihar Oregon, a arewa maso yammacin Amurka. Shi ne na tsakiya cikin 'ya'ya 3. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 9, a lokacin da matsin tattalin arziki ya gallabi ƙasar, saboda haka a hannun mahaifiyarsa ya tashi, a wani gidan karkara a bayan gari. Ya gama sakandare cikin 1942, ya shiga Kwalejin Jihar Oregon yana koyon aikin injiniyan lantarki, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu. Aka ɗauke shi cikin rundunar sojan ruwa, aka koya masa aikin rada, watau na'urar da ke hango jirage tun suna nesa, sa'an nan aka tura shi tsibiran Filifin daidai lokacin da yaƙin yake ƙarewa a 1945.

Abu biyu ya kwaso daga can. Na fari, aikin rada ya nuna masa cewa na'ura tana iya zana labari a kan gilashi nan take, mutum ya gani da idonsa ya yanke shawara. Na biyu kuwa, a wata bukkar karatu ta ƙungiyar Red Cross a tsibirin Leyte ya ci karo da wata maƙala da Dokta Vannevar Bush, shugaban masu binciken kimiyya na gwamnatin Amurka a lokacin yaƙi, ya buga a wannan shekara. A cikinta Bush ya kwatanta wani tebur mai ajiye littattafai da takardun mutum duka, inda zai iya ƙulla wannan takarda da waccan, ya bi sawunsu yadda tunani ke tsallakawa daga wani abu zuwa wani. Saurayin ya karanta, abin ya zauna masa a rai.

Da ya koma gida ya kammala digirinsa a 1948, ya sami aiki a cibiyar binciken jiragen sama ta Ames a Jihar Kaliforniya. Cikin Disamba 1950 aka yi masa baiko da Ballard Fish, wadda ya aura a shekarar da ta biyo. A kwanakin baikon ne ya zauna ya auna rayuwarsa, ya ga yana da shekara 25, ga aiki, ga mata, amma ba shi da wani buri da ya rage. Ya yi watanni yana neman abin da ya cancanci mutum ya ƙarar da ransa a kai. Inda tunaninsa ya tsaya shi ne, matsalolin duniya suna ƙara sarƙewa, suna kuma ƙara gaggawa fiye da yadda mutane ke iya haɗa kai su warware su, don haka duk abin da zai ƙara wa jama'a ƙarfin yin tunani tare ya fi kowane aiki amfani. Ya hango mutane zaune gaban allo irin na rada, kwamfuta tana jera musu rubutu da zane, suna aiki a kan takarda guda.

Ya kamata mai karatu ya tuna yadda kwamfuta take a wancan zamani. Na'ura ce mai cika ɗaki, ba su fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar duka, kuma aikinta lissafi. Mai buƙata yakan huda katuna ya miƙa wa ma'aikata, ya tafi ya dawo bayan sa'o'i ko washegari ya karɓi amsa. Wanda ya ce mutum ɗaya zai zauna yana hira da irin wannan na'ura mai tsada, sai a dube shi a yi shiru. Engelbart ya bar aikinsa ya tafi Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, ya sami digirin dokta a 1955, ya ɗan koyar a can. Wani abokin aiki ya ja masa kunne cewa muddin ya ci gaba da wannan zance ba zai taɓa samun ƙarin girma ba. A 1957 ya koma Cibiyar Bincike ta Stanford a garin Menlo Park, wadda aka fi sani da SRI, ya yi shekaru yana aikin da aka ba shi, yana ɓoye nasa.

Cikin 1962 ya fitar da wani dogon rahoto a kan ƙarfafa basirar ɗan Adam. Akwai wani gwaji a ciki mai sauƙin fahimta: ya ɗaura bulo a jikin fensir ya yi rubutu da shi, rubutun ya fito a hankali, manya-manya, a karkace. Nufinsa shi ne a gane cewa da a ce irin wannan alƙalami kakanni suka gada, da ilmi da sha'anin mulki ba su kai inda suka kai ba, kuma kayan aikin da ake alfahari da su a yau ma wataƙila da nasu bulon a ɗaure. Rahoton ya jawo hankalin J. C. R. Licklider na hukumar bincike ta ma'aikatar tsaro, watau ARPA, da Robert Taylor na hukumar sararin samaniya ta NASA. Da kuɗinsu ya kafa ɗakin bincikensa.

Matsalar da ta haifi linzami ƙarama ce: yaya mutum zai nuna wa kwamfuta kalma guda a kan allo? Engelbart ya zana dabarar a littafin aljihunsa, babban injiniyansa Bill English ya ƙera na farko a wajejen 1964. Ɗan akwati ne na katako mai maɓalli 1 a sama, da ƙafafun ƙarfe 2 a ƙasa, ɗaya na auna tafiya gaba da baya, ɗaya na auna hagu da dama. Ba su tsaya ga zato ba. Sun gwada shi da sauran kayan nuni na lokacin, da alƙalamin haske da ake dangwalawa a allo, da sandar juyawa, har da wani ƙarfe da ake turawa da gwiwa a ƙarƙashin tebur, suna auna sauri da yawan kuskure. Ɗan akwatin ya cinye. An nemi takardar mallakar ƙirƙirar a 1967, aka bayar ran 17 ga Nuwamba 1970, amma haƙƙin na SRI ne.

Ranar da ta fi kowace girma a rayuwarsa ita ce 9 ga Disamba 1968. A wani babban taron masana kwamfuta a San Faransisko, ya hau dandamali gaban mutane wajen 1,000, ya zauna da linzami mai maɓalli 3 a hannun dama, da wani ɗan allo mai madannai 5 a hannun hagu. Kwamfutar kanta tana Menlo Park, tafiyar mil 30, an haɗa su ta waya da iska, Bill English yana bayan fage yana sarrafa kome. Minti 90 ya yi. Ya rubuta jerin cefane, ya sake masa tsari, ya naɗe shi ya buɗe. Ya taɓa kalma ta kai shi wata takarda. Ya raba allo gida-gida. Daga bisani fuskar wani abokin aikinsa ta bayyana daga Menlo Park, suka yi magana suna duban juna, kowa da kibiyarsa a kan takarda guda. Da ya gama jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Bayan wata 10, ran 29 ga Oktoba 1969, saƙon farko na ARPANET, kakar intanet ta yau, ya taso daga Jami'ar Kaliforniya ta Los Angeles ya sauka a kwamfutar ɗakin bincikensa.

Daga nan al'amura suka fara juya masa baya. Tsarin da ya gina, mai suna NLS, yana da wuyar koyo, kuma shi bai ga laifin haka ba. Yakan kwatanta keke mai ƙafa 3 na yara da keke mai ƙafa 2: na farko ba ya buƙatar koyo, amma ba mai hawa tudu da shi. Samarin da ke ƙarƙashinsa kuwa sun fara hangen zamanin da kowa zai mallaki kwamfutarsa, shi yana nan a kan babbar na'ura guda da jama'a za su yi tarayya a kanta. Kamfanin Xerox ya buɗe cibiyar bincike a Palo Alto a 1970, Bill English ya koma can a 1971, wasu da dama suka bi shi. Kuɗin gwamnati ya ja baya. A 1976 gidansa ya ƙone da dare, iyalin suka tsira da rayukansu. Kafin ƙarshen shekarun 1970 SRI ta sayar da aikin nasa ga kamfanin Tymshare, ya bi shi can a matsayin ma'aikaci, shugabanni suna sauraronsa da ladabi ba tare da sun ba shi abin da zai ci gaba da bincike ba.

Linzamin kuwa ya kama hanyarsa shi kaɗai. A Xerox aka sa masa ƙwallo a madadin ƙafafu, aka haɗa shi da kwamfutar Alto ta 1973 mai tagogi a kan allo. Steve Jobs na kamfanin Apple ya ziyarci cibiyar a Disamba 1979, ya gani, ya sa aka ƙera masa mai araha da maɓalli 1 tak, aka fitar da shi tare da Macintosh a Janairu 1984. Apple ya biya SRI wajen dala 40,000 kuɗin izini. Wa'adin takardar mallakar ya ƙare a 1987, kafin cinikin ya bunƙasa sosai. A 2008 kamfanin Logitech kaɗai ya ba da sanarwar ƙera linzami na biliyan 1. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin lura shi ne, ba a ɗakunan taro irin waɗanda ya hango ne hannuwan mutane da yawa suka saba da linzami ba. Wasanni sun ɗauki babban kaso na wannan koyarwa. Akwai wani nau'in wasan kwamfuta na labari da warware dabaru, inda mai wasa ke yawo cikin wani wuri, yana tsintar kaya, yana neman yadda zai buɗe ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Na farkonsu, wanda Will Crowther ya rubuta a wajejen 1976 a kan yawon kogo, rubutu ne zalla, kuma ta ARPANET ya bazu a jami'o'i. Mai wasa yakan buga umarni da kalma 2, in bai dace da kalmar da na'urar ta sani ba ta ƙi shi, ko da ya gano amsar. Sau da yawa wahalar neman kalma ta fi ta wasan kanta.

Linzami ne ya kawar da wannan. A 1985 aka fitar da Déjà Vu a kan Macintosh, labarin wani ɗan binciken asiri a Chicago da ya farka bai san ko shi wane ne ba, inda mai wasa ke jan kaya da kibiya ya jefa cikin aljihu. A 1987 Ron Gilbert da Gary Winnick na kamfanin Lucasfilm suka fitar da Maniac Mansion, suka jera kalmomin aiki a ƙasan allo, mutum ya nuna kalma, ya nuna abu, jimla ta haɗu da kanta. A kan wannan tsari aka gina The Secret of Monkey Island a 1990, labarin saurayin da ya ƙwallafa rai sai ya zama ɗan fashin teku. A shekarar ce kuma Microsoft ya sa wasan karta cikin Windows 3.0, domin ma'aikatan ofis su koyi ja da saki ba tare da sun san darasi ake ba su ba. Sai Myst na 'yan'uwan nan Rand da Robyn Miller a 1993, tsibiri shiru ba kowa, ba jerin kalmomi, sai hoto da ɗan hannu mai nuni. An gina shi da HyperCard, tsarin Apple na ƙulla kati da kati, watau jikan dabarar da Engelbart ya nuna a 1968. Ya riƙe kambin wasan kwamfuta mafi ciniki har 2002. Sai dai mai wasan mutum ɗaya ne a ɗakinsa, da maɓalli 1, yana warware matsalar da wani ya ƙulla masa da gangan, alhali mai linzamin jama'a ya so ya tara a kan matsalolin gaske.

Bai daina ba. A 1988 shi da 'yarsa Christina suka kafa wata ƙaramar cibiya domin yaɗa ra'ayinsa, Logitech ya ba su ofis kyauta. Girmamawa ta zo a makare, kuma a tare: a 1997 ya sami kyautar Lemelson ta dala 500,000 da lambar Turing, mafi daraja a fannin kwamfuta, a shekarar da matarsa Ballard ta rasu bayan zaman aure na shekara 46. A Disamba 2000 Shugaba Bill Clinton ya rataya masa lambar fasaha ta ƙasa. A duk inda aka gayyace shi akan gabatar da shi da sunan mai linzami, shi kuma ya karkata zancen zuwa ga aikin da yake ganin ba a ko fara ba.

Ya sake aure a 2008, lokacin da cutar mantuwa ta riga ta kama shi. Ya rasu a gidansa a garin Atherton ran 2 ga watan Yuli 2013 sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 88, ya bar 'ya'ya 4. Bill English, wanda ya sassaƙa ɗan akwatin katakon, ya bi shi a Yuli 2020 yana da shekara 91.