Ronald Fisher, masanin lissafin da ya shigar da ƙuri'a cikin gona

Idan malaman gona suka ce wannan irin hatsi ya fi wancan bada amfani, ko wannan taki ya fi wancan kyau, ba kasafai muke tambayar yadda suka tabbatar ba. Gona dai ba ta zama iri ɗaya: nan jigawa, can fadama, can kuma tsohon makwancin shanu. To yaya za a gane ko taki ne ya gyara yabanya, ko kuwa sa'ar wuri ce kawai? Wanda ya tsara hanyar amsa wannan tambaya shi ne Ronald Aylmer Fisher, mutumin ƙasar Ingila.

An haife shi a birnin Landan ranar 17 ga watan Fabrairu na 1890. Tun yana yaro yake da raunin gani, har aka hana shi karatu da hasken lantarki, saboda haka malaminsa ya riƙa koya masa lissafi da baki, ba takarda ba alƙalami. Wannan ya sa ya saba warware matsala a cikin kansa. Ya shiga jami'ar Kambirij a 1909, ya gama a 1912. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya nemi shiga soja, aka ƙi shi saboda idanunsa, sai ya kama koyarwa a makarantu, aikin da bai ji daɗinsa ba.

A 1919 ya samu tayin aiki biyu. Ɗaya daga Karl Pearson, babban masanin ƙididdiga na wancan zamani, wanda tuni jininsu bai haɗu ba. Ɗayan kuma daga tashar binciken noma ta Rothamsted da ke arewa da Landan, inda aka tara alƙaluman noman alkama tun daga 1843 ba tare da an iya tace su sosai ba. Fisher ya zaɓi gona, ya kuma yi shekara 14 a can.

A nan ne ya gane cewa gwajin da aka tsara ba daidai ba, babu lissafin da zai cece shi daga baya. Sai ya ce a yanka gona kashi-kashi, a haɗa filayen da ƙasarsu ta yi kama da juna wuri guda, a maimaita kowane taki sau da yawa. Abu mafi muhimmanci kuma, kada mai bincike ya zaɓi filin da zai zuba wa taki da kansa, a bar ƙuri'a ta zaɓa. Dalili kuwa a fili yake: wanda ke son takinsa ya yi nasara, hannunsa zai kai shi wuri mai albarka ko da bai yi niyya ba. Bayan girbi, lissafin da ya ƙirƙiro yana rarraba bambancin amfanin da aka samu, a ga kason taki, a ga kason ƙasa, a ga abin da ya rage na dace kawai. Ya kuma yaɗa al'adar cewa sakamakon da dace zai iya haifarwa fiye da sau 5 cikin 100, bai isa a dogara da shi ba. Duk wanda ya ga ƙananan filayen gwaji masu turaku da lambobi a tashar INRAN ta Tarna kusa da Maraɗi, ko cibiyar ICRISAT ta Sadore, to ya ga gadon wannan tsari.

Littafinsa na 1925, Statistical Methods for Research Workers, an sake buga shi har sau 14. A wani littafin na 1935 ya kawo misalin matar da ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Ya tsara a ba ta kofi 8 a cakuɗe, 4 na kowane iri. Hanyoyin zaɓen 4 cikin 8 guda 70 ne, ke nan mai cinke zalla zai dace sau 1 ne kawai cikin 70.

Sai dai ba za mu ɓoye ɗaya fuskar tasa ba. Mutum ne mai zafin rai, wanda ya shafe shekaru yana cacar baki da Pearson da Jerzy Neyman. Ya kasance jigo a ƙungiyar masu ra'ayin tace jinsin ɗan Adam ta hanyar sarrafa haihuwa. Kuma bayan da Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar shan taba da cutar dajin huhu a 1950, Fisher, mai shan lofe, ya tsaya kai da fata cewa tafiyar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya haifar da ɗayan. Ƙa'idar gaskiya ce, amma a nan ya yi amfani da ita inda hujjoji suka yi ta taruwa a kansa, alhali yana mai bai wa kamfanonin taba shawara.

An ba shi sarautar Sir a 1952. Bayan ya yi ritaya ya koma birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya, inda ya mutu ranar 29 ga watan Yuli na 1962. A 2020 kwalejin da ya yi karatu a Kambirij ta yanke shawarar cire tagar gilashin da aka sa don tunawa da shi, saboda ra'ayinsa kan jinsi.