Imam Umaru Salaga: Bakanon da rubutunsa ya adana Hausar ƙarni na 19

An haifi Alhaji Umaru ɗan Abubakar a birnin Kano wajen shekarar 1858, a gidan da asalinsa ke Kabi. Mahaifinsa malami ne kuma falke, yana bin hanyar goro zuwa Gwanja. A Kano ya yi karatun allo ya fara na ilimi, sannan ya ƙaro sani a ƙasashen Sakkwato da Gwandu, yana kuma raka mahaifinsa fatauci.

A zamaninsa da Larabci sarakuna ke aika wa juna saƙo. Sarki kan faɗi bukatarsa da Hausa, magatakarda ya zuba ta cikin Larabci, a can kuma wani malami ya mayar da ita Hausa da baki. Larabcin ke zama a takarda, Hausar kuwa ta bi iska. Shi ya sa wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu ta Ingilishi a 1927, suka ƙunshi siyasar zamanin amma ba su nuna yadda ake furta Hausa ba. A Rasha lamarin ya sha bamban: ofishin jakadancin da aka kafa a Mosko a 1549 yana fassara wasiƙun ƙasashen waje zuwa Rashanci a rubuce, kuma har yau masana na bin waɗannan fassarori don gano sauyin harshensu.

Umaru ya san wannan sana'a ciki da bai. A 1877, yana ɗan kimanin shekara 20, ya wallafa Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, littafin koyar da tsara wasiƙa da Larabci, mai ɗauke da samfuran da magatakarda zai bi. Daga baya an buga shi a Alƙahira. Kalmar wasiƙa kanta, da hatimi da alƙalami da tawada, duk daga Larabci Hausa ta aro su, kuma suna nan a bakin ma'aikacin ofis har gobe.

Ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro da ke ƙasar Gana ta yau, inda ya haɗu da Bajamushe Gottlob Adolf Krause, mai tattara rubuce-rubucen Hausa. Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, daga bisani Umaru ya koma Kete-Karachi, ya zama limami. A nan ne jami'in Jamus Adam Mischlich ya yi karatun Hausa a wurinsa, ya kuma nemi ya rubuta masa bayanin ƙasar Hausa da ajami. Umaru ya rubuta tarihin garuruwa, da noma da rini da jima da ƙira, da tsarin fatauci da aure da sarauta. Mischlich ya fitar da ƙamusunsa na Hausa a 1906.

Darajar waɗannan takardu ga tarihin harshe a fili take. Zube ne, wanda awon waƙa bai tanƙwara ba. Wasulan ajami suna nuna lafazi. Sunayen kayan sana'a suna nan kamar yadda aka san su kafin kalmomi irin su ofis da mota su shigo daga Ingilishi. Ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, inda mai nazari zai iya jera Larabci da Hausa ya ga kalmar da ya zaɓa.

Ya yi waƙoƙi kan zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar mura ta 1918. Ya tafi aikin hajji a 1913, ya dawo yana ɗan ɗariƙar Tijjaniyya. Ya rasu a Kete-Karachi a 1934.

Douglas Ferguson ya fassara bayanin nasa zuwa Ingilishi a 1973, Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw kuma ya buga wani sashe na zuben a 2000. Takardun sun tsira ne saboda an adana su a ɗakunan karatu na Turai da Gana. Irinsu na nan cikin adakokin tsofaffin gidajen malamai da attajirai a Kano, inda gara da damina ke ci musu sannu a hankali.