Tarihin Gary Hocking, Zakaran Tseren Babur

A cikin samarin da suka tashi daga Afirka suka yi suna wajen tseren babur a ƙasashen Turai, da wuya a sami wanda tauraronsa ya haska da sauri, ya kuma faɗi da sauri, kamar Gary Hocking. Shekara huɗu kacal ya yi tsakanin isarsa Turai yana baƙo da zamansa zakaran duniya, a shekara ta biyar kuwa ya bar sana'ar don kansa.

An haife shi ran 30 ga Satumba, 1937, a garin Caerleon cikin ƙasar Wales. Tun yana yaro iyayensa suka ƙaura da shi zuwa Rodeshiya ta Kudu, wadda yanzu ake kira Zimbabuwe, suka zauna a Bulawayo. A nan ya yi makaranta, a nan kuma ya fara tsere, da fari a filin ciyawa, sa'an nan a kan kwalta. A zamanin nan samarin ƙasar ba su da abin koyi kamar Ray Amm, ɗan ƙasarsu da ya ci manyan tsere a Turai, ya mutu a filin Imola ta Italiya cikin 1955. Mutuwar nan ba ta sanyaya gwiwar Hocking ba. Cikin 1958 ya ɗaura kayansa, ya nufi Turai.

Ya kamata masu karatu su san yadda sana'ar take a lokacin. An fara gasar duniya cikin 1949, aka kasa babura aji-aji bisa ga girman inji, watau ajin 125, da 250, da 350, da 500. Mahaya kuwa iri biyu ne. Akwai 'yan kamfani, waɗanda ake ba su babur da makanikai da albashi. Akwai kuma masu cin gashin kansu, waɗanda ke yawo ƙasa ƙasa da babur a bayan mota, su kwana a tanti, su yi gyara da hannunsu, abincinsu ɗan kuɗin da masu shirya tsere ke ba wanda ya fito fili. In inji ya fashe, ko ƙafa ta karye, to, ba mai biya. Cikin waɗannan Hocking ya fara, a kan babur ƙirar Norton mai silinda ɗaya, alhali 'yan kamfanin MV Agusta na Italiya suna kan masu silinda huɗu. Duk da haka a tseren Nürburgring ta Jamus a shekarar nan ya zo na uku a ajin 500, ba wanda ya riga shi sai mahayan MV Agusta biyu. Tun daga ran nan idon manya ya koma kansa.

Cikin 1959 kamfanin MZ na Jamus ta Gabas ya ba shi babur a ajin 250. Ya ci tseren Suwidin, ya ci na Ulster a Ailan ta Arewa, ya ƙare shekara yana na biyu a duniya. Da masu MV Agusta suka ga yaron yana neman ƙwace musu girma, sai suka ɗauke shi. Cikin 1960 ya zo na biyu a aji uku, watau 125 da 250 da 350. A ƙarshen shekarar John Surtees, babban mahayin kamfanin, ya koma tseren mota, sai ragama ta faɗo hannun Hocking. Bai ba da kunya ba: cikin 1961 ya zama zakaran duniya a ajin 350 da na 500 gaba ɗaya, kafin ya wuce shekara 24.

To, a cikin dukan wuraren da ake tsere a zamanin, babu wanda ake girmamawa ake kuma tsoro kamar Tsibirin Man, wanda ke cikin teku tsakanin Ingila da Ailan. Tun 1907 ake tsere a can. Ba fili aka gina ba, hanyar jama'a ce ake rufewa, mai tsawon mil 37 da kusan kashi uku cikin huɗu, mai lanƙwasa fiye da 200. Tana ratsa ƙauyuka, tana bi ta tsakanin katangun dutse da itatuwa da turakun waya, sa'an nan ta hau dutse inda hazo kan rufe ido. Mahayi kan zaga ta sau shida, yana gudun da ya kai mil 100 a awa in an daidaita. Wanda ya yi kuskure kaɗan, katanga ce za ta tare shi.

A nan ne al'amari ya juya wa Hocking. Ran 6 ga Yuni, 1962, aka yi tseren ajin 350. Shi da abokin aikinsa Mike Hailwood suka yi ta ja-in-ja a gaba, a bayansu kuwa ga Tom Phillis, mutumin Ostareliya, mahayin kamfanin Honda, zakaran duniya na ajin 125 a 1961, kuma aminin Hocking. A zagaye na biyu Phillis ya faɗi a wani wuri da ake kira Laurel Bank, rai ya yi halinsa. Hailwood ya zo na ɗaya, Hocking na biyu, amma zuciyarsa ta riga ta karaya. Bayan kwana biyu ya cika alkawarin da ke wuyansa, ya hau babban babur a ajin 500, ya ci tseren. Daga nan ya tafi Italiya, ya sanar da Domenico Agusta, mai kamfanin, cewa ya bar hawan babur, ya koma gida Rodeshiya. A lokacin ya ci manyan tseren duniya 19, ga ƙarfi, ga suna, ga babur da ya fi na kowa. Barin abu a irin wannan hali ya fi kama shi wuya, kuma ba kowane namiji ke iyawa ba.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Son gudu bai bar shi ba, sai ya koma tseren mota, yana ganin ƙafa huɗu ta fi biyu aminci. Nan ma ya nuna gwaninta: cikin watan Disamba na shekarar ya ci babban tseren Rodeshiya a filin Kumalo da mota ƙirar Lotus. Wani attajiri Baturen Ingila, Rob Walker, wanda direbansa Stirling Moss ya ji mummunan rauni a watan Afrilu, ya ba shi mota don tseren Afirka ta Kudu. Ran 21 ga Disamba, 1962, yana gwaji a filin Westmead kusa da Durban, sai motar ta saki hanya ta kife. Nan ajali ya cim masa, yana da shekara 25, wata shida bayan mutuwar amininsa. Aka kai gawarsa Wales, ƙasar haihuwarsa, aka binne.

Hanyar Tsibirin Man kuwa ta ci gaba da cin rayuka, har mahaya suka yi ta ƙin zuwa, aka fitar da ita daga gasar duniya bayan 1976. Waɗanda suka mutu a kanta sun wuce 250.

Akwai abin lura a nan ga samarinmu na Wurno da Rabah da Goronyo da sauran garuruwa, waɗanda babur ya zame musu dokin zamani, su kan yi sukuwa da shi ran biki ko ran kasuwa. Hocking da Phillis gwanaye ne na duniya, suna sanye da hular kwano da rigar fata, an rufe musu hanya, ga likitoci a tsaye, duk da haka gudu bai bar su ba. Ina ga mai kai tsirara, ga goyo biyu a baya, ga yara da bisashe suna ƙetare hanya? Ajali dai ba ya wuce ranarsa, amma ba a ce mutum ya tafi tarye shi ba. Allah ya kiyashe mu, amin.