Leon Bakst, Mai Zanen da Ya Sa Matan Faris Naɗa Rawani

Duk wanda ya taɓa ganin 'yan Koroso sun fito fili, ya san tun kafin kiɗa ya tashi kayan jikinsu sun riga sun gaya wa 'yan kallo ko su wane ne. Haka nan 'yan lifida ranar hawan salla. Watau ita ma tufa magana take yi. To, Turawa suna da wata rawa da suke kira bale, wadda ake ba da labari a cikinta tun daga farko har ƙarshe ba tare da kowa ya buɗe baki ba, sai kiɗa da motsin jiki da sutura. Mutumin da za mu ba da tarihinsa bai taɓa zama ɗan rawa ba. Aikinsa shi ne zana kayan da 'yan rawa za su sa, amma da wannan aiki ya juya suturar matan Turai cikin 'yan shekaru kaɗan.

An haife shi a cikin shekara ta 1866 a garin Grodno, wanda a zamanin yana ƙarƙashin Sarkin Rasha, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Belarus. Sunansa na yanka Lev Rosenberg, iyayensa kuma Yahudawa ne. Ya tashi a Fitasbag, babban birnin Rasha na wancan lokaci. Tun yana yaro zane ya shiga ransa, ko da yake iyayensa ba su so ba. Ya shiga babbar makarantar zane ta birnin a 1883, ya bar ta a 1887 ba tare da takardar shaida ba. Nauyin ƙannensa ya hau kansa, sai ya riƙa zana hotunan littattafan yara don samun na abinci. A 1889, sa'ad da aka fara nuna ayyukansa ga jama'a, ya ɗauki sunan Bakst daga dangin mahaifiyarsa. Daga baya ya tafi Faris ƙaro ilmi, ya shekara huɗu yana kai da kawowa.

Da ya komo gida, sai ya haɗa kai da abokansa Alexandre Benois da Sergei Diaghilev suka kafa wata mujalla a 1898 mai suna Mir Iskusstva, ma'ana Duniyar Fasaha. Ta wannan hanya ya fara samun aiki a gidajen wasa. A 1907 ya yi tafiya ƙasar Girka, yana bin kufai da gidajen ajiye kayan tarihi, yana kwafar adon da ke jikin tsofaffin tukwane da bango. Wannan hali nasa na zuwa ya gani da idonsa kafin ya ɗauki alƙalami shi ne jarinsa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san yadda kayan 'yan bale suke a da. Tun daga 1832, lokacin da wata 'yar rawa Marie Taglioni ta fito da farin siket mai fāɗi na yadi shara-shara, ya zama al'ada. Da tafiya ta yi tafiya aka gajarce siket ɗin, aka ƙandare shi ya miƙe kamar faifai, shi ne ake kira tutu. Ko labarin na Masar ne, ko na Indiya, tauraruwar wasa da tutu za ta fito, ƙugunta a matse cikin wata riga mai ƙasusuwa. Matan gari ma haka suke ɗaure ƙugu har numfashi ya yi musu wuya, kuma sun fi son launi mai sanyi wanda ba ya ɗaukar ido. Michel Fokine, mai tsara rawa, shi ne ya dage a kan lalle sutura ta dace da ƙasa da zamanin labari. Bakst kuwa shi ne ya fitar da wannan ra'ayi a kan yadi.

A 1909 Diaghilev ya kwashi 'yan rawar Rasha ya kai su Faris, ƙungiyar da aka sani da Ballets Russes. A wasan Kiliyobatara, sarauniyar Masar, an shigo da Ida Rubinstein cikin akwati irin na gawar Fir'aunoni, naɗe da mayafai goma sha biyu, aka riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ya tayar da garin shi ne wasan Shaharzad na ranar 4 ga Yuni 1910, wanda aka ciro daga farkon Dare Dubu da Ɗaya, littafin da mu ma muke da shi da Hausa. Da aka ɗaga labule, mutane suka ga wani ƙaton ƙyalle kore ya lulluɓe sama, fitilu suna reto, dardumai ja, matasan kai barbaje. 'Yan rawa sun sha rawuna da wanduna buje da duwatsun ado. Bakst ya haɗa kore da shuɗi, ya haɗa ja da ruwan lemo, launukan da Turawa suke ganin ba sa zama wuri ɗaya.

Ba a daɗe ba kasuwa ta karɓa. Matan masu hali suka shiga naɗa rawani da gashin tsuntsu a goshi. Shahararren telan nan Paul Poiret ya fitar da wando buje na mata a 1911, ya kuma shirya wata liyafa ta mutum wajen 300, kowa da shigar mutanen Farisa. Shi dai Poiret ya yi ta musun cewa ya kwaikwayi Bakst, kuma gaskiya ne ya riga ya daina ɗinka rigar matse ƙugu tun kafin zuwan Rashawa. Kamfanin Cartier ya fara jera koren dutse da shuɗi a sarƙa ɗaya. Gidan ɗinki na Paquin kuwa ya ɗauki Bakst kansa ya zana masa riguna a 1912 da 1913.

Asirin aikinsa shi ne ba ya zana mutum a tsaye ƙiƙam. Yakan zana shi cikin tsalle ko juyi, don ya ga yadda yadi zai tashi da yadda zai faɗo. Sa'an nan ya zaɓi yadin, ya faɗi rinin da za a yi masa da adon da za a ɗora, ya bi maɗinka har a gama. Sunansa ne ya fita, amma hannuwan maɗinka da marina da yawa ne suka yi wahalar.

Duk da wannan ɗaukaka, bai tsira daga wulakanci a gida ba. A 1912 hukuma ta kore shi daga Fitasbag, domin dokar lokacin ta hana yawancin Yahudawa zama a can. Bayan shekara biyu, a 1914, makarantar nan da ya bari ba takarda ta zaɓe shi cikin manyan membobinta. Babban aikinsa na ƙarshe da Diaghilev shi ne wasan Gimbiya Mai Barci, wanda aka buɗe a Landan cikin Nuwamba 1921. Ya zana tufafi wajen 300 cikin 'yan watanni, an kashe kuɗi ba na wasa ba, amma 'yan kallo ba su zo yadda aka zata ba. A Fabrairun 1922 aka rufe da bashi, mai gidan wasan ya riƙe kayan, abokan nan biyu kuma suka ɓata. Bakst ya yi tafiye-tafiye zuwa Amurka yana lacca, yana zana adon yadin alharini. Ciwon huhu ya kama shi, ya mutu kusa da Faris ranar 27 ga Disamba 1924, yana da shekara 58. Har yau ana ajiye da kayan da ya zana a gidajen tarihi na Landan da Kanbera ta Ostareliya.

To, 'yan'uwa ɗalibai, akwai inda ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Ƙasar Gabas da Bakst ya nuna wa Turawa yawancinta ƙirƙira ce. Ya gauraya kayan Farisa da na Turkiyya da na Indiya a tukunya ɗaya. Wasan Shaharzad ya nuna gidan sarkin Musulmi a matsayin wurin shashanci da zubar da jini, aka kuma shafe jikin Vaslav Nijinsky da launi mai duhu don ya fito a bawa. Dubban mutanen da ba su taɓa ƙetare teku ba suka koma gida da wannan hoto a zukatansu. Wanda ya bari wani ya ɗinka masa riga, ya kuma ba da labarinsa, to sai ya haƙura da yadda aka fitar da shi.

Mu kuwa ba mu rasa abin nunawa ba. Tun a 1851 Baturen nan Heinrich Barth ya zo Kano, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa Tambutu da Tarabulus. Rawani ɗan Kura mai sheƙi, wanda mabuga suke daka wa shuni, shi ne abin alfaharin Buzaye. Ga saƙi, ga tsamiya, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga. A daidai lokacin da matan Faris suke rububin rawani, layin dogo ya iso Kano a 1911, yadin Turai mai araha ya ƙara kwararowa, masaƙa da marina suka fara ja da baya sannu a hankali. Yau a ƙauyuka da yawa na ƙasar Kano akwai tsofaffin rijiyoyin rini da suka cike da ƙasa.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu na Makoda da kewaye, in kun ga yaro yana son zane ko ɗinki, kada ku kashe masa gwiwa. Mu kuma ɗalibai, idan an yi hutun rani, mu je wurin tsofaffin da suka iya saƙa da ɗinkin hannu, mu tambayi sunan kowane ado, mu zana shi a littafi. Ranar kasuwar Ɗambatta mu duba rumfunan yadi mu ƙirga nawa ne aka yi a ƙasarmu. Bakst sai da ya ƙetare ƙasashe kafin ya sami abin kwafa, mu namu yana bayan gida. Allah ya ba mu ikon riƙe shi, amin.