Tarihin Les Paul, Mai Jitar Gungume

A mujallarmu ta bara 'yan'uwana ɗalibai sun kawo mana tarihin Kanta na Kabi da na Malam Abdullahi na Gwandu, mun karanta mun ƙaru. Ni kuwa bana na zaɓi in ba da labarin wani Ba'amurke makaɗin jita, sunansa Les Paul, wanda ya mutu tun ban yi wayo ba. Na san wasu iyayenmu za su ce me ya haɗa ɗan Maiyama da makaɗin Turawa. Ina roƙonsu su yi haƙuri su kai ƙarshe. Hannun yayana ne ya kai ni ga wannan mutum.

Yayana mai gyaran rediyo ne a Jega. Shekara biyu da suka wuce yana komowa gida a kan babur sai ya faɗi, gwiwar hannunsa na dama ta ragargaje. Aka kai shi wurin masu ɗori a Aliero, waɗanda sunansu ya kai ko'ina. Allah ya ba su sa'a ƙashi ya kama, amma tun ran farko sun gaya wa Baba gaskiya, cewa karayar da ta faɗa a kan gaɓa ba lalle ne hannu ya sāke miƙewa ba. Haka kuwa aka yi, hannu ya warke a lanƙwashe. Yaya ya kulle rumfarsa ya koma zaman zaure, ko rediyon gida ya lalace ba ya ko dubansa.

Ana nan, ran nan malaminmu na kimiyya yana koya mana darasin sauti, sai ya tambaye mu dalilin da ya sa in an taɓa tsirkiyar garaya amonta kan mutu nan take, amma jitar lantarki irin ta makaɗan Agadas, wadda mu kan ji a wayoyin direbobi a tashar Jega, ta kan ja amo ɗaya ya yi ta tafiya kamar ba zai ƙare ba. Duk ajin aka yi tsit. Sa'an nan ya ba mu labarin Les Paul a taƙaice, har da labarin hannunsa. Tun daga ranar na shiga neman sauran, ga kuma abin da na samo.

An haife shi ran 9 ga watan Yuni 1915 a wani gari da a ke kira Waukesha, a jihar Wisconsin ta Amurka. Sunansa na yanka Lester William Polsfuss, kakanninsa Jamusawa ne. Tun yana ƙarami ya kasance mai ƙiriniyar kwance kayan gida, garmaho da tarho da rediyo, don ya ga abin da ke ciki. Ya koyi busa da kiɗan jita, har kafin ya balaga sosai ya fara wasa a wani wurin sayar da abinci a bakin hanya. A nan wani mai saurare ya aiko masa da 'yar takarda, ya ce muryarsa na fita amma jitarsa ba a jinta.

Yaro ya koma gida da wannan magana a ransa. Ya cire allurar garmaho ya kafa ta a jikin jitar, ya ja waya ya haɗa da rediyon gidansu. Ƙara kam ta samu, amma sai wata matsala ta ɓullo. Jitar wancan zamani akwati ce mai holoƙo a ciki, kamar ƙoƙon garaya. Sautin da ya fito daga lasifika sai ya koma cikin holoƙon ya girgiza shi, girgizar ta sāke komawa lasifika, sai abin ya ɓarke da irin kukan nan mai kashe kunne da mu kan ji ran taron iyaye in an kusantar da makirfo ga lasifika. Ya cusa tsummoki da safa a ciki, abin bai yi ba. Ya zuba filasta irin wadda likitoci ke ɗaure karaya da ita, kukan ya ragu amma jita ta lalace.

Daga nan ya yi gwajin da ya fi burge ni. Ya samo guntun ƙarfen hanyar jirgin ƙasa, irin wanda mu nan ba mu da shi sai an je Ƙaura Namoda. Ya miƙa tsirkiya guda a kansa, ya ɗora ta bisa manyan ƙusoshin hanyar jirgin, ya sa mayen ƙarfen da ya ciro daga tarho a ƙarƙashinta, ya haɗa da rediyo. Da ya taɓa tsirkiyar sai amo ya fito garau, ya yi ta tafiya ba ya son mutuwa. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda mahaifiyarsa ta yi masa dariya, ta nuna masa ba ranar da za a ga mawaƙi bisa doki yana kaɗa ƙarfen jirgi. Gaskiyarta, amma yaron ya riga ya gano asirin.

Ga asirin kamar yadda malaminmu ya bayyana. In ka fizgi tsirkiya, ka ba ta wani ɗan ƙarfi ƙayyadadde, kamar kuɗin kashewar da a ke ba ɗalibi farkon zango. A garaya, jakin da tsirkiya ke kai yana zaune bisa fata, fatar kuwa bisa ƙoƙo. Nan da nan fata ta karɓe ƙarfin ta watsa shi cikin iska, shi ya sa a ke jin garaya daga nesa, shi ya sa kuma amonta ba ya daɗewa. Ƙarfen jirgi kuwa nauyi gare shi da tauri, tsirkiya ba ta iya motsa shi, saboda haka ƙarfinta na nan wurinta, sai ta yi ta kaɗawa. Kunne ba zai ji ta sosai ba, amma ba kome, don akwai mai ji a madadinsa. Mayen ƙarfe ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa kusa da shi sai 'yar wutar lantarki ta taso cikin wayar, na'ura ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita sauti. Watau an raba aiki biyu: tsirkiya ta riƙe amo, lantarki ya ɗauki nauyin ƙara.

Les Paul ya bar makaranta bai gama sakandare ba, abin da ba zan ba kowa shawarar yi ba. Ya yi wasa a gidajen rediyo na St. Louis da Chicago, sa'an nan ya koma New York cikin 1938. Wajen 1940 masu kamfanin jita na Epiphone suka bar shi yana shiga ma'aikatarsu in an tashi aiki. A can ya ɗauki guntun katako, faɗi inci 4 kauri inci 4, ya kafa masa wuyan jita da jaki da mayen ƙarfe. Ya sa masa suna Gungume. Da ya fita wasa da shi mutane ba su kula ba, don bai yi kama da jita ba. Sai ya tsaga wata tsohuwar jita biyu ya manna ɓarin a dama da hagu, ado kawai. Jama'a suka yaba, alhali amon bai sāke ba. Ya kai wa kamfanin Gibson, suka yi masa ba'a suka kwatanta abin da sandar tsintsiya, suka sallame shi.

Cikin watan Janairu 1948 yana tafiya a mota tare da mawaƙiya Mary Ford, wadda ya aura a shekarar da ta biyo, sai motar ta zame a kan ƙanƙara a jihar Oklahoma ta faɗo daga kan gada. Gwiwar hannunsa na dama ta ragargaje. Likitoci suka ce ba yadda za a yi gaɓar ta sāke motsi, har aka yi maganar yanke hannun. Da ya tabbata hannun zai sandare ko ta yaya, sai ya roƙi a ɗora masa shi a lanƙwashe, daidai yadda zai rungumi jita yatsunsa su sauka kan tsirkiya. Aka yi masa haka. Ya yi kusan shekara ɗaya da rabi yana jinya. Da wannan hannu ya yi sauran shekara 61 na rayuwarsa, da shi kuma ya yi fayafayan da suka fi ɗaukaka sunansa cikin 1951 da 1953.

Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse. Cikin 1950 wani mai gyaran rediyo a California, Leo Fender, ya fara sayar da jita marar holoƙo, kasuwa ta karɓa. Sai ga Gibson sun aika neman mai sandar tsintsiya. Cikin 1952 suka fito da jitar da ke ɗauke da sunansa. Gangar jikinta katako ne dangin maɗaci, an lulluɓe shi da wani farin katako mai tauri, wuyanta kuwa an dasa shi a ciki da gam. Nauyinta ya kan kai kilo 4 ko fiye. An daina yin irinta cikin 1961, amma samarin makaɗa na Ingila irin su Eric Clapton suka yi ta neman tsofaffin saboda daɗewar amonsu, har kamfanin ya komo da ita cikin 1968.

Kada in yi masa ƙari. Ba shi ya fara jitar lantarki ba, George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker sun riga shi tun wajen 1932. Jitar da ke da sunansa ma, yawancin tsarinta aikin Ted McCarty ne da ma'aikatan Gibson. Aurensa da Mary Ford ya mutu cikin 1964. Amma dokar da ya gano bisa ƙarfen jirgi ita masu gyaran jita ke bi har yau in amo ya ƙi daɗewa, watau su bi duk wata kafa da ƙarfin tsirkiya ke zurarewa su toshe. Su kan ɗaure wuya ya zauna daram, su tabbata jaki ba ya rawa, su sāke tsirkiyar da ta yi tsatsa, su ɗaga ta kaɗan in tana gogar ƙarafan wuya. Su kan kuma janye mayen ƙarfe ƙasa in ya matso da yawa, don shi kansa yana jan tsirkiya ya rage mata rawa.

Ban da jita, yana cikin waɗanda suka buɗe hanyar ɗaukar sauti bisa sauti, yadda mutum ɗaya zai yi waƙa kuma ya yi wa kansa amshi a faifai guda, dabarar da masu waƙoƙin finafinan Hausa ke amfani da ita. Da ya tsufa amosanin gaɓɓai ya kama yatsunsa, sai ya sāke koyon kiɗa da waɗanda suka rage masa. Ya riƙa wasa duk daren Litinin a New York har watannin ƙarshe na rayuwarsa. Ya mutu cikin watan Agusta 2009 yana da shekara 94.

Da aka ba mu hutun ƙarshen shekara na tarar da Yaya a zaure kamar yadda na bar shi. Ban iya yi masa wa'azi ba, ina ƙane. Sai na ce malaminmu ya ba mu aikin gwaji, ina neman taimako. Na ɗaure wayar burkin keke bisa gwangwani, na ɗaure wata bisa tsohon sifirin mota da na aro wurin makaniki. Ta gwangwani ta yi ƙara, kafin in ƙirga uku ta mutu. Ta ƙarfe kuwa sai da na kafa kunne a jiki na ji ta, amma na wuce goma tana nan. Yaya ya yi ta kallo bai ce kome ba. Can ya ce ai ba haka a ke yi ba, in ɗauko masa akwatin kayan aikinsa. Ya ciro mayen ƙarfe daga wata matacciyar lasifika, ya warware wayar tagulla daga tsohuwar tiransifoma, ni ina riƙe yana naɗawa. Da ya zo liƙi da dalma sai ya dafa gwiwar nan bisa benci, hannun ya sauka daidai wurin aiki, ko rawa ba ya yi. A nan na ba shi labarin likitocin Amurka da abin da aka roƙe su. Bai amsa ba. Da magariba ta yi amon wayar burki na fita ta rediyon Baba, yara sun cika ƙofar gida.

Hannun Yaya bai miƙe ba, ba kuma zai miƙe ba. Hawa tsani ya ɗaura eriya ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗauki yaro. Amma bayan ƙaramar salla ya buɗe rumfarsa a Jega, ya sa kafinta ya ƙara wa bencinsa tsawo daidai da gwiwarsa.

'Yan'uwana ɗalibai, ba ina kiran kowa ya ajiye littafi ya ɗauki jita ba ne. Ni kaina injiniya na ke fatan zama. Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, mutumin nan bai zauna yana kukan abin da ya rasa ba, ya duba abin da ya rage masa ya gyara masa zama. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.